Naman kaza mai kara da ke fesa ƙura: rubuta Tulostoma da biro, brumale da fensir

Wani ɗalibi mai karatun ilmin halittu ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice. Ya tsinci wasu ƙananan halittu a busasshen fili mai yashi da gajeriyar ciyawa. Kowanne yana da kai kamar kashin zomo, fari-fari, faɗinsa bai wuce santimita 1 ba, a bisa siririn kara mai tauri da ya kai kamar santimita 3. A tsakar kan akwai 'yar ƙofa mai ɗan bututu, da zobe mai ruwan ƙasa kewaye da ita, in an matsa sai ƙura ta fito. Ya ciro guda uku, kan ɗaya ya fita. Manhajar wayarsa ta ce Tulostoma brumale ne. Littafin da ya samu a ɗakin karatu ya sa shi a rukunin Gasteromycetes, intanet kuma ta ce danginsa Agaricaceae. Yana so ya san wanne ne daidai, kuma ko ya rubuta brumale a takardar samfurin.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, ka iya kallo. Sunan kimiyya kashi biyu ne, na farko jinsi, na biyu nau'i. Bayanin da ka yi ya kai mu ga jinsin babu tantama, don haka rubuta Tulostoma da biro. Nau'in kuwa da sauran aiki, kuma hoto ko na wace irin kyamara ba zai ƙarasa mana shi ba, saboda haka brumale ya zauna da fensir tukuna. Batun littafi da intanet zan zo kansa daga baya, domin sai an san yadda abin yake girma sannan a gane dalilin da ya sa aka sauya masa gida.

Abin da ka ciro 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikin halittar wata farar saƙar zare ce sirara da ke cikin ƙasa, tana cin matattun saiwoyi da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Idan ta samu danshi sai ta ƙulla ɗan dunƙule a ƙarƙashin yashi, a can cikin duhu ƙwayoyin iri suke nuna har cikin dunƙulen ya koma gari. Sai an gama wannan duka sannan karan ya miƙe, cikin ɗan lokaci, ya turo kan zuwa sarari. Shi ya sa da wuya ka ga ɗanyen Tulostoma. Ranar da ya fara ganin rana ya riga ya balaga. Daga nan ba shi da sauran aiki sai jira. Bangon kan kamar takarda yake, in ɗigon ruwan sama ya faɗa masa sai ya lotsa ya dawo, kamar zugazugin maƙeri, ƙura ta fita ta ƙofar. Wani masani ɗan Ingila, P. H. Gregory, ya ɗauki wannan motsi da kyamara mai tsananin sauri a 1949 a jikin wani ɗan'uwansa, Lycoperdon perlatum. Amfanin karan shi ne ya ɗaga ƙofar sama da kwantacciyar iskar da ke manne da ƙasa, ya kuma hana yashi binne ta. Da yake jikin ya bushe tun farko, ba ya ruɓewa da wuri, yakan yi watanni a tsaye yana fesawa kaɗan-kaɗan. Ka riƙe wannan magana ta watanni, za ta dawo mana da matsala.

Kan da ya fita ɗin nan, wanda ka ɗauka ɓarna ce, shi ne ya fi sauran yi mana amfani a matakin farko. Juya shi ka dubi ƙasansa. Za ka ga ɗan gurbi mai zagaye, wani lokaci da 'yar kwala a bakinsa, inda karan ya shiga kamar yadda ƙota take shiga bakin fartanya. Naman karan daban, naman kan daban, shi ya sa suke rabuwa salin-alin ba tare da yagewa ba. Wannan gurbi, haɗe da ƙofa guda ɗaya tak a sama, su ne hatimin Tulostoma.

Masu kama da shi a irin wannan fili ba su da yawa, kuma kowanne yana tona kansa. Nau'o'in Lycoperdon masu dogon gindi suna ruɗar sabon shiga, amma in ka tsaga gindin za ka tarar da shi kamar soso, kuma a haɗe yake da kan, babu gurbi. Sunan Lycoperdon a Girkanci ma'anarsa tusar kyarkeci, wanda ya raɗa shi ya taɓa matsa ɗaya ke nan. Battarrea phalloides ƙato ne, karansa mai gashi-gashi yakan kai santimita 30 har 40, ba shi da ƙofa, sai dai rabin kan na sama ya tsage a kewaye ya faɗi kamar murfi, ya bar gari mai launin tsatsa a fili. Podaxis, wanda ake gani a hamada da kuma bisa suri, kansa dogo ne kamar kulki, karan ya ratsa ta cikinsa har ƙololuwa, garinsa kuma baƙi-baƙi ne in ya nuna. Chlamydopus ya fi kowa kusa a ido, sai dai karansa yana faɗaɗa a sama ya manne da kan. Schizostoma kuma kansa yagewa yake yi barkatai maimakon ya buɗe ƙofa. Akwai ƙananan Geastrum, masu kama da tauraro, da suke da ɗan gajeren wuya. Idan yashi ya rufe fikafikan tauraron sai a ga kamar kai ne a kan kara. Tona kaɗan za ka ga fikafikan. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya dace da abin da ka kwatanta.

To, an shiga gidan Tulostoma. A nan ne wahalar take, domin mutanen gidan sun haura ɗari, kuma kusan dukkansu ƙananan kawuna ne masu launin yashi a kan tsinke.

Abu na farko da ake duba shi ne bakin. Sunan jinsin ma daga nan ya fito: tylos a Girkanci ƙulli ne ko kanta, stoma kuma baki. A wasu tsofaffin littattafai za ka ga an rubuta Tylostoma, abu ɗaya ne. Da gilashin ƙara girma mai ninki 10 za ka ga ɗayan abu biyu a yawancin lokuta. Ko dai bakin zagayayye ne mai tsaftataccen gefe, kamar an yanke bututu da reza, ko kuma gefensa a tsefe yake da zare-zare kamar bakin tsohon zane. Na farkon shi ne irin na brumale, na biyun irin na Tulostoma fimbriatum, wanda Elias Fries ya bayyana a 1829, kuma sunansa ma yana nufin mai geza. Akwai kashi na uku, waɗanda bakinsu tsaga ce kawai marar siffa. Naka mai bututu ne, don haka fimbriatum da 'yan ɗakinsa sun fita. Amma ga inda maganar watanni ta dawo: iska mai ɗauke da yashi tana goge baki. Mai geza da ya tsufa gezarsa takan zube ya zama kamar rami kawai, mai bututu kuma bututun yakan cinye. In samfurinka tsoho ne, shaidar bakinsa ta raunana.

Zoben nan mai ruwan ƙasa shi ne ya ja manhajar zuwa brumale, kuma shi ne ya taɓa jan ni. Shekarun baya na tara wani kunshi daga filin yashi, na ga bututu da zobe, na rubuta brumale da biro ina jin daɗi. Sai bayan an daɗe, ina sake jera samfura, na sa ɗaya a madubin likita na tarar ƙwayoyinsa suna da ƙayoyi zaƙo-zaƙo, abin da brumale ba ya da shi. Tun daga ranar na koma fensir. Zoben ba na nau'i ɗaya ba ne. Tulostoma melanocyclum yana da shi, har ma ya fi duhu, sunansa ma baƙin zobe yake nufi. Akwai kuma Tulostoma simulans, wanda C. G. Lloyd ya bayyana daga Amurka, sunan yana nufin mai kwaikwayo, an kuwa daɗe ana ajiye shi a ɗakunan samfura na Turai da sunan brumale. Manhajar waya tana ba ka sunan da ya fi yawa a hotunan da aka horar da ita da su, brumale kuwa shi ne ya fi kowanne shahara a jinsin, don haka duk mai bututu da zobe shi za ta kira.

Abu na biyu shi ne wanda sababbin shiga suka fi tsallakewa, ni kuwa a ganina ya fi bakin nauyi: rigar waje. Kan yana da riga biyu. Ta ciki ita ce mai kama da takarda da kake gani. Ta waje ita ce ta rufe shi lokacin da yake cikin ƙasa, kuma yawancinta yana zubewa in ya fito, sai ragowar da ke maƙale a ƙasan kan kamar ɗan kofi mai yashi. Mutane suna ganin wannan yashi su ɗauka datti ne, su goge shi da yatsa don hoto ya yi kyau, ba su san shaida suka share ba. Ka samu allura, ka sa samfurin ƙarƙashin gilashi, ka ɗaga gefen ragowar a hankali. Idan ta ɗago a matsayin ɓawo guda, siririya, yashi a bayanta amma cikinta fari sumul, to rigar fata-fata ce, irin ta brumale. Idan kuwa ba ta ɗagowa, sai dai ta marmashe ta zama tsabar yashi da zare kamar auduga ya ɗaure su, to rigar zare-zare ce, irin ta melanocyclum da fimbriatum da wani nau'in mai suna Tulostoma kotlabae. Akwai kuma waɗanda rigarsu ke barin ƙuraje masu duhu a jikin kan, kamar Tulostoma squamosum, wanda in an duba ƙurajen a madubi ake samun dunƙulallun ƙwayoyi masu kaurin bango a ciki. Wannan gwaji na allura ba ya cin minti biyar, amma yana raba jinsin gida biyu.

Sai karan. Na brumale fari-fari ne ko ruwan ƙasa mai haske, kusan sumul, kaurinsa milimita 2 zuwa 3. Na melanocyclum ya fi duhu sosai. Na squamosum ja-ja ne mai ɓawo-ɓawo da suke ɗagowa kamar na jikin kifi. Kotlabae, wanda Zdeněk Pouzar ya bayyana a 1958, fari ne fat daga sama har ƙasa, bakinsa bututu amma babu zobe. A nan zan ɗan yi maka faɗa: ka ce ciro su ka yi. Ba a cirar Tulostoma, tono shi ake yi. Sau da yawa rabin karan yana cikin yashi, kuma a can ƙarshensa akwai ko dai ƙullin zare da yashi, ko kuma wani ɗan buhu da karan ya fito daga cikinsa. Wasu nau'o'in hamada, irin su Tulostoma obesum, da wannan buhun ake fara gane su. Wanda ya ja da hannu ya bar gindin a ƙasa, tsawon santimita 3 da ya auna ma ba lallai ne cikakken tsawon ba.

Duk wannan zai rage maka sunaye daga ɗari da wani abu zuwa uku ko huɗu. Ragowar sai madubin likita, kuma ba kowane madubi ba, sai mai ninki 1000 wanda ake ɗiga wa mai. Ka ɗauki garin da bakin allura, kaɗan ƙwarai, don in ya yi yawa ƙwayoyin suna hawa kan juna. Garin ba ya son ruwa, sai ka fara jiƙa shi da ɗigon sifirit, sannan ka sa ruwan sinadarin KOH, wato potassium hydroxide, mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ko shuɗin rinin da ake amfani da shi wajen duba funfuna, wanda ke fito da adon jikin ƙwaya sosai. Kada ka kai hancinka kusa yayin da kake matsa kan. Shaƙar irin wannan ƙura da yawa tana cutar da huhu.

Abu biyu za ka gani. Na farko ƙwayoyin iri, dunƙulallu, masu launin rawaya zuwa ruwan ƙasa. Ka auna aƙalla 20, gara 30, ka kuma rubuta ko awon ya haɗa da adon jiki ko bai haɗa ba, domin marubuta sun bambanta a kan wannan, kuma bambancin rabin maikiromita (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) yana iya sauya suna. Na brumale ƙanana ne, wajen maikiromita 4 zuwa 5, da ƙananan ƙuraje a warwatse. Na melanocyclum sun fi girma kaɗan, ƙurajensu kuma sun zama ƙayoyi. Na fimbriatum ƙurajen sukan haɗu su yi gajerun kunyoyi. Na Tulostoma striatum suna da dogayen layuka kamar haƙarƙari, wanda ya gan su sau ɗaya ba ya mantawa. Na obesum sumul suke. Na Tulostoma exasperatum, wanda ya saɓa wa danginsa ta hanyar tsirowa a ruɓaɓɓen itace a ƙasashe masu zafi da danshi, saƙar raga ce a jikinsu. Abin takaicin shi ne adon jikin ƙwayar da ba ta wuce maikiromita 5 ba yana bakin iyakar abin da madubin haske, wato madubin likita na yau da kullum, ke iya rarrabewa, shi ya sa ƙwararrun wannan jinsi suke dogara da madubin lantarki, wanda ke nuna kowane ƙurji da siffarsa.

Na biyu su ne zaruruwan da ke cakuɗe da garin, masu kaurin bango, waɗanda ke hana shi dunƙulewa. Ka bi zare ɗaya har ka iso gaɓarsa. A brumale gaɓar tana kumbura sosai, kamar gwiwar kara, kuma sau da yawa akwai ƙananan duwatsu masu ƙyalli manne a jikin zaren. A nau'o'i da yawa gaɓar ba ta kumbura sai kaɗan, ko ba ta yi sam. Idan ka samu bututu da zobe, da rigar waje fata-fata, da kara mai haske, da ƙananan ƙwayoyi masu ƙananan ƙuraje, da kumburarriyar gaɓa mai duwatsu, to ka samu hujjar da za ka bi kan fensir da biro. In ɗaya ya saɓa, dakata.

Akwai kuma batun wuri. Brumale daga Turai aka bayyana shi, kuma sunan na nufin na hunturu, don a can yana fitowa ne daga ƙarshen kaka zuwa cikin sanyi, a tudun yashi na bakin teku da filayen da ƙasarsu ke da farar ƙasa, galibi a cikin gansakuka. Ba ka faɗi ko akwai gansakuka a filin naka ba, kuma wannan tambaya ce mai amfani. Idan wurin ƙeƙasasshe ne da rana ke gasawa, babu gansakuka ko kaɗan, sai a ƙara yin taka-tsantsan da sunan, a kuma tabbata littafin da ake bi an rubuta shi ne don wannan yankin na duniya. Makulli, wato jerin tambayoyin da ake bi a littafi har a kai ga suna, in an yi shi don nau'o'in wata nahiya zai ba ka suna ko da abin da ke hannunka ba ya cikinsa, domin makulli ba ya iya cewa ban san shi ba.

Kada ka ɗauka tsanantawa nake yi. Babban aikin da kowa ke komawa gare shi a kan wannan jinsi shi ne na Jorge Wright, masani ɗan Ajantina, wanda ya fito a 1987, ya amince da nau'o'i 139 a duniya, ya kuma jera su bisa siffar baki da rigar waje da adon ƙwaya. Bayan shekara 30, a 2017, Mikael Jeppson na Suwidin da abokan aikinsa suka binciki DNA na samfuran Turai, har da samfuran asali guda 26 waɗanda aka kafa sunaye a kansu. Turai ita ce nahiyar da aka fi kowace tona naman kazanta, amma duk da haka suka samu nau'o'i 26 masu suna da 19 marasa suna, suka kuma raɗa wa sababbi guda biyar suna. Filayen ciyawa na Hangari da Sifaniya ne suka fi yawan nau'o'i. Idan haka lamarin yake a inda aka yi shekara fiye da 200 ana bincike, ka kwatanta da busassun filayen da ba a taɓa sunkuyawa a duba ba. Ba abin mamaki ba ne abin da ke hannun ɗalibi ya zama ba shi da suna tukuna.

Binciken ya nuna wasu abubuwa biyu da suka shafe ka kai tsaye. Rabe-raben cikin gida da aka gina a kan siffar baki ba su dace da ainihin zumunta ba. Masu bututu ba duka 'yan ɗaki ɗaya ba ne, siffar ta ɓullo ko ta ɓace fiye da sau ɗaya. Bakin yana da amfani wajen ganewa, amma ba ya faɗin wa ya haifi wa. Adon ƙwayar iri da ginin rigar kan kuwa sun tabbata abin dogaro ne wajen raba nau'i da nau'i. Sun kuma lura cewa masu ƙwaya sumul ko kusan sumul a busassun wurare suke, masu manyan ƙayoyi kuma sun fi karkata ga wurare masu danshi.

Yanzu ga littafinka da intanet. Linnaeus, masanin Suwidin da ya kafa tsarin suna mai kashi biyu, ya sa wannan halitta cikin Lycoperdon. Christiaan Hendrik Persoon, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu ya yi aikinsa a Turai, shi ya ware mata jinsin Tulostoma a 1794, da brumale a matsayin nau'in da jinsin ya tsaya a kansa. Masanan ƙarni na 19 sun tara duk wani naman kaza da ke nunar da irinsa a cikin rufaffen ciki suka kira su Gasteromycetes, wato masu tumbi. A 1900 Eduard Fischer ya ba masu kara danginsu na kansu, Tulostomataceae. A kan wannan tsari aka rubuta littafinka, kuma a zamaninsa ba shi da laifi, domin da ido da madubi abin da ake iya gani ke nan.

Abin da ya rushe tsarin yana da daɗin ji. Naman kaza na yau da kullum, mai hula da siraran faifai a jere a ƙarƙashinta, harba irinsa yake yi. Kowace ƙwaya tana zaune a kan ɗan tsini, ɗigon ruwa ƙanƙani ya taru a gindinta, ya zame farat ɗaya, motsin ya cilla ta cikin iska. Wannan dabara tana buƙatar iska mai laima. A fako, inda laima ba ta daɗewa, wanda ya rufe irinsa a cikin jaka ya bar wa ruwan sama da iska aikin watsawa ya fi cin riba. Zuriyoyi daban-daban sun bi wannan hanya kowace da ƙafarta, kuma wadda ta bar harbi ba ta sake komawa gare shi. Binciken DNA da David Hibbett da abokan aikinsa suka fitar a 1997 ya nuna siffar mai tumbi ta ɓullo aƙalla sau huɗu. Masu kama da tauraro suna wani reshe can nesa, tare da masu wari da ƙudaje ke bi. Scleroderma da Calostoma, wanda shi ma yana da kara amma mai yauƙi, suna cikin wani rukuni daban mai suna Boletales. Tulostoma da Battarrea da Podaxis da Lycoperdon kuwa suna cikin Agaricales, tsakiyar masu hula da faifai. Gasteromycetes ya tashi daga sunan zuriya ya koma sunan sana'a, kamar a ce maƙera: aikinsu ɗaya, amma ba lallai kakansu ɗaya ba. Har yanzu muna amfani da kalmar a baki don sauƙin magana, ba a dai sa ta a jerin rabe-rabe.

Saboda haka jerin da za ka rubuta daga sama zuwa ƙasa shi ne Fungi, Basidiomycota, Agaricomycetes, Agaricales, Agaricaceae, Tulostoma. A matakin dangi za ka ci karo da saɓani, domin wasu marubuta na yanzu suna riƙe da Tulostomataceae a matsayin dangi mai zaman kansa a cikin Agaricales, wasu kuma sun narkar da shi cikin Agaricaceae mai faɗi. Wannan saɓani ne a kan inda za a ja layi, ba a kan zumuntar ba. Ni Agaricaceae nake rubutawa, amma in malaminka yana bin ɗaya tsarin, bi shi, ka dai faɗi wanda ka bi.

Shawarata ita ce ka koma filin. Inda aka samu uku akwai wasu, don a gungu suke fitowa. Durƙusa ka kalli ƙasa a karkace, ta haka ake ganinsu. Ka tono kamar goma da wuƙa, har gindi, ka zaɓi waɗanda rigar wajensu ba ta gama zubewa ba da kuma tsofaffi, amma ka bar wasu a wurin. Kada ka haɗa gungu biyu a kunshi ɗaya, domin nau'i biyu ko uku sukan zauna a fili guda, taku kaɗan tsakaninsu, kuma cakuɗaɗɗen kunshi ya sha ɓatar da ƙwararru. Kada ka wanke, kada ka goge. Ka shanya su a inuwa ko a ɗumin da bai wuce digiri 40 na ma'aunin Salshiyos ba, saboda zafi mai yawa yana lalata DNA, sannan ka sa su a ƙaramin akwati ko ambulan ɗin takarda da ɗan abin tokare don kada kawunan su murƙushe. Leda tana tara gumi, a guje ta. In ka samu hanyar ɗakin gwaji, yankin DNA da ake kira ITS za a karanta, wanda aka amince da shi a 2012 a matsayin alamar gane funfuna da naman kaza. Sakamakon ma sai an kwatanta shi da na samfuran asali, don rumbunan intanet cike suke da jerin da aka ɗora da sunan kuskure.

A takardar samfurin ka sa kwanan wata, da wurin da lambobinsa na taswira, da irin ƙasar, da ciyayin da ke kewaye, da ko akwai gansakuka, da sunanka da lambar tarinka. A layin suna, yau ka rubuta Tulostoma sp., wato an san jinsi ba a tantance nau'i ba. In ka yi gwajin allura rigar ta ɗago fata-fata, kana iya matsawa zuwa Tulostoma cf. brumale, wato a kwatanta da brumale. In ka duba a madubi, turo mini awon ƙwayoyi 30 da zanen gaɓar zaren, da hoton ƙasan kan nan da ya fita, mu duba tare.